Yadda Za Ka Ziyarci Tokiyo Cikin Kwanciyar Hankali: Daga Neman Biza Zuwa Ranar Dawowa

Tun da na dawo daga Tokiyo tambaya ba ta yanke ba. Wannan ya tare ni a ƙofar masallaci, wancan ya kira a waya: nawa ake kashewa, me Musulmi zai ci, yaya baƙo zai yi da jiragen ƙasan nan da ake nunawa cike maƙil da mutane. Amsar tsaye-tsaye ba ta wadatarwa, shi ya sa na zauna na jera abin daki-daki, bisa tsarin da ya kamata a bi.

Ka riƙe abu ɗaya tun daga nan. Tokiyo gari ne mai sauƙi ga wanda ya bi ƙa'ida, amma ba a san alfarma ba. Ma'aikaci zai rusuna maka, ya ba ka haƙuri sau uku, kuma ba zai canja abin da doka ta ce ba. Duk wahalar da na ga mutanenmu sun sha a can, daga nan ta samo asali: an taho da tunanin cewa in an je za a roƙa. Sunayen tashoshi da unguwanni na bar su yadda za ka gan su a jikin alluna, don kada ka ruɗe.

1. Zaɓi lokacin tafiya

Mafi daɗin lokaci biyu ne: ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Afrilu, sa'ad da furannin sakura ke buɗewa, sai kuma ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da sama take garau, ganyaye suka yi ja. Na fi son Nuwamba, domin otal bai kai tsadar lokacin sakura ba.

Kada ka ce ai ka saba da zafin Sakkwato ko na Damagaram, Agustan Tokiyo ba zai dame ka ba. Zafin can da gumi yake zuwa, iska ta yi nauyi, riga ta manne a jiki tun da hantsi. Yuni zuwa tsakiyar Yuli ruwa ne, Agusta zuwa farkon Oktoba kuma lokacin mahaukaciyar guguwa ce da kan sa a soke tashin jirage. A Janairu sanyi kan sauko kusa da daskarewa da asuba, hunturunmu ba ya kama ƙafarsa.

Gargaɗi: ka guji 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, da tsakiyar Agusta, da 29 ga Disamba zuwa 3 ga Janairu. Lokutan hutu ne, kowa na kan hanya, farashin ɗaki ya hau, a na sabuwar shekara kuma wurare da yawa a rufe suke.

2. Nemi biza

Ɗan Najeriya da ɗan Nijar duk suna buƙatar biza kafin su tashi, ba a bayarwa a filin jirgi. Ofishin jakadancin Japan a Najeriya yana Abuja. Na Abijan ne ke kula da 'yan Nijar. Ka fara shiga shafinsu na intanet ka ga inda ake miƙa takardu da kuɗin da ake biya a wannan lokacin, kada ka dogara da labarin wanda ya je shekara uku da suka wuce.

Abin da za ka tanada: fasfo mai sauran wa'adi, fom da hoto, takardar bayanan asusunka na banki ta watannin baya, takarda daga wurin aikinka ko shaidar kasuwancinka, shaidar kama kujerar jirgi da ɗakin otal, sai jadawalin zama. Wannan na ƙarshen shi mutane ke rainawa. Takarda ce da za ka rubuta rana-rana: ga inda za ka kwana, ga inda za ka je, ga lambar wayar masaukin. Ranakun da ke ciki su yi daidai da na tikiti da na otal. In wani ne ya gayyace ka, zai aiko da takardar gayyata da ta lamuni.

Bizar shiga sau ɗaya wata uku take yi daga ranar da aka buga ta, don haka kada ka nema da wuri ainun. Kamar mako shida kafin tafiya ya yi.

Gargaɗi na farko: kada ka aro kuɗi ka zuba a asusu dare ɗaya. Asusun da ya yi wata biyar yana fama, sai ga miliyoyi sun faɗo ana gobe kai takardu, shi ke jawo tambaya.

Gargaɗi na biyu: a Agustan 2025, lokacin taron TICAD, na Japan da ƙasashen Afirka, a Yokohama, labari ya bazu cewa an ware garin Kisarazu ga 'yan Najeriya da biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta ƙaryata batun bizar, aka kuma janye gaba ɗaya shirin ƙulla zumunci tsakanin garuruwan Japan da ƙasashen Afirka, wanda ya jawo jita-jitar, a watan Satumba. Duk dillalin da ya zo maka da wannan zancen, kuɗinka yake so. Bizar baƙo ba ta halatta aikin kuɗi, wanda kuma ya wuce wa'adinsa aka kama shi, korar sa za a yi tare da hana shi shiga na shekaru.

3. Sayi tikiti, ka kama ɗaki

Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya ko Nijar kai tsaye zuwa Japan. Za ka ya da zango a Adis Ababa, Doha, Dubai, Santambul ko Alƙahira. Ka lissafa yini guda cur a hanya, wani lokaci fiye. Ka sayi tafiyar duka a tikiti ɗaya, don kayanka su wuce kai tsaye. Ka kuma tafi da katin rigakafin shawara.

Tokiyo tana da filayen jirgi biyu. Haneda yana gefen gari, Narita kuwa yana da nisan kimanin kilomita 60. In farashi ya yi kusa, ɗauki Haneda.

Wajen masauki, abin da za ka duba kafin kyan ɗaki shi ne nisan otal da tashar jirgin ƙasa. Tafiyar minti biyar zuwa bakwai a ƙafa ta isa. Ga mai zuwan farko ina ba da shawarar Ueno, Asakusa, Ikebukuro ko Otsuka: farashi da dama, kuma akwai masallaci da abincin halal a kusa. Ƙananan otal-otal na matafiyan aiki, irin su Toyoko Inn da APA, sukan kama daga yen 8,000 zuwa 15,000 a dare. Ɗakin ƙarami ne ƙwarai, in ka buɗe babban akwati a ƙasa da ƙyar ka sami wurin shimfiɗa sallaya, amma tsaf yake.

Gargaɗi: ana lissafin kuɗin ɗaki da yawan mutane. Kada ka kama na mutum ɗaya ku shiga ku biyu. Shiga ɗaki yawanci ƙarfe 3 na rana ne, fita 10 ko 11 na safe. In ka iso da wuri za su ajiye maka kaya, amma mabuɗi sai lokaci ya yi. Ka kuma tabbatar ka zaɓi ɗakin da ba a shan taba.

4. Haɗa kaya: a nan mutanenmu suka fi faɗawa

Kilishi ba ya shiga Japan. Dambun nama ba ya shiga. Soyayyen naman layya da aka ƙulle maka a leda da addu'a, shi ma haka. Doka ta hana shigo da nama kowane iri, ɗanye ko busasshe, kuma hukuncin zai iya kaiwa tarar yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara 3.

Na gani da idona. Muna tsaye wurin ɗaukar kaya, sai ga wani ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa, sanye da 'yar riga, yana bin akwatuna yana sunsuna. Bai yi haushi ba. Ya zo gefen jakar wani bawan Allah da muka taho jirgi ɗaya, ya zauna kawai yana kallon mai riƙe da shi. Aka buɗe jaka, ga kilishi naɗe cikin takarda, tsarabar da ya kawo wa ɗansa ɗalibi. Ya yi bayani iya iyawarsa, aka saurare shi cikin ladabi, aka karɓe. Tausayinsa ya kama ni, domin da wani ya gaya masa tun a gida da bai yi asarar ba.

Ɗanyen goro, 'ya'yan itace da ɗanyen kayan lambu ma ka bar su, suna buƙatar takardar shaidar lafiyar tsiro. Dakakken yaji busasshe a rufaffen mazubi ka bayyana shi ga jami'i, kada ka ɓoye.

Magani: wanda likita ya rubuta maka, na wata ɗaya kake iya shiga da shi ba tare da izini na musamman ba. Ka bar shi a kwalinsa, da takardar likita. Maganin tari mai kodin da wasu magungunan mura suna da tsauraran sharuɗɗa, mafi alheri ka bar su.

Wuƙar aljihu ma ta zauna a gida, ɗaukar ta a kan titi ba dalili laifi ne.

Abin da za ka ɗauka: takalmin tafiya mai sauƙin cirewa, safa marar huji domin za ka yi ta cire takalmi, sallaya marar nauyi, ƙaramin tawul na hannu, da mahaɗin soket mai faffaɗan baki biyu. Wutar Japan bolt 100 ce. Cajar waya da ta kwamfuta za su yi aiki, amma dutsen guga da butar lantarki na gida ba za su yi zafin kirki ba.

5. Kuɗi da waya

Babu mai canja maka naira ko sefa a Tokiyo. Ka tafi da dala ko yuro, sababbin takardu marasa yagewa, da katin banki na dala. A 'yan shekarun nan dala ɗaya tana kai-kawo a kusa da yen 150. Na'urar cirar kuɗi da ke cikin shagunan 7-Eleven da ta gidan waya suna karɓar katin ƙasashen waje. Ka sanar da bankinka kafin ka tashi, kada su rufe katin a ranar farko. In tsabar kuɗin da ke hannunka ta haura yen miliyan 1, dole ka bayyana wa kwastan.

Lissafina na yini, ba tare da sayayya ba: ɗaki yen 10,000, abinci 3,500, zirga-zirga 1,000, kuɗin shiga wurare 2,000. Ka ƙiyasta yen 16,000 zuwa 18,000.

Intanet kuwa ba abin jin daɗi ba ne a nan, sanda ce ta makaho. Yawancin titunan Tokiyo ba su da suna, ana gane wuri da lambar unguwa da ta gini. Ka sayi layin data na eSIM tun a gida, ko ka saya a filin jirgi. Ka sauke Google Maps, da Google Translate da Japanancinsa, da manhajar lokutan salla. Ka yi inshorar tafiya, domin baƙo shi ke biyan kuɗin asibiti gaba ɗaya.

6. Saukarka da shiga gari

Kafin ka tashi ka cike bayananka a shafin Visit Japan Web, ka ɗauki hoton lambar QR da zai ba ka. A wurin shige da fice za a ɗauki hotonka da zanen yatsu biyu, a manna 'yar takarda a fasfo mai nuna ranar da wa'adinka zai ƙare. Wannan ranar ce abin lura. Ka riƙe adireshin otal da tikitin komawa a hannu.

Kana fitowa ka yi abu uku a jere: canja kamar dala 100, sayi katin Suica ko Pasmo, wato katin da ake zuba wa kuɗi a biya jirgin ƙasa da shi, sannan ka nemi jirgi. Akwai Welcome Suica na baƙi, kwana 28 yake yi, ba a biyan kuɗin ajiya, amma abin da ya rage a ciki ba a mayarwa. Na yau da kullum kuma ana ajiye yen 500. Mai iPhone zai iya sa Suica a cikin wayarsa. Ka zuba yen 3,000 don farawa.

Daga Narita: Skyliner zuwa Ueno minti 41, kusan yen 2,600. Narita Express zuwa babbar tashar Tokyo kusan awa ɗaya, yen 3,000 da ɗoriya. Motar bas mai rahusa zuwa wannan tashar ba ta kai yen 2,000 ba. Daga Haneda: jirgin Keikyu zuwa Shinagawa ko Monorail zuwa Hamamatsucho, 'yan ɗaruruwan yen kacal.

Gargaɗi: kada gajiya ta sa ka ɗauki tasi daga Narita, za ka biya fiye da yen 20,000. In kayanka sun yi yawa, akwai teburin Yamato, mai alamar baƙar kyanwa, ka ba su akwati su kai maka otal washegari a kan yen dubu biyu zuwa uku.

Japan tana gaban Najeriya da Nijar da awa 8. Ka daure kada ka yi barcin rana a yinin farko.

7. Koyi jirgin ƙasa

Wanda ya iya jirgi ya iya Tokiyo. Taswirar za ta tsorata ka a kallon farko, kamar zaren da ya harɗe, amma abu uku ne kawai. Akwai jiragen kamfanin JR da ke tafiya a sama, akwai Tokyo Metro mai layi 9 da Toei mai layi 4 a ƙarƙashin ƙasa, sai kamfanoni masu fita bayan gari irin su Odakyu da Keio. Katin Suica yana aiki a dukkansu.

Fara da layin Yamanote, mai koren launi. Zobe ne mai tasha 30, yana zagaye cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, ya bi ta Ueno, Akihabara, Tokyo, Shinagawa, Shibuya, Shinjuku, Ikebukuro da Otsuka. Ko ka ɗauki hannun da ba shi ba, zai dawo da kai.

Ga yadda ake yi. Rubuta inda za ka a Google Maps. Zai ba ka sunan layi, lambar dandamalin da za ka tsaya, lokacin tashi, da ƙofar fita. Ɗora katinka a kan na'urar ƙofar shiga, ka bi launin layin a alluna. Kowace tasha tana da harafi da lamba, misali Ginza a layin Ginza G09 ce, saboda haka ko ba ka iya furta sunan ba, ka ƙirga lamba. In ka isa, ka sake ɗora katin a ƙofar fita. Tafiya a cikin gari yen 150 zuwa 300 ce. In kuɗin katin bai kai ba ƙofa za ta rufe, kada ka firgita, akwai na'urar ƙarin kuɗi a gefe.

Gargaɗi mafi muhimmanci: ka san lambar ƙofar fitarka tun kana cikin jirgi. Tashar Shinjuku tana da ƙofofi fiye da 200, mutum miliyan 3 da wani abu ke bi ta cikinta kullum. Na taɓa fita ta yamma alhali gabas nake nufi, da kaya a hannu, sai da na ci kusan rabin awa kafin na zagayo.

Jirgin 8:14 a 8:14 yake tashi. In wanda ya tsaya a gabanka na 8:11 ne, mai yiwuwa wani wuri za shi, ko mai gudu ne da zai tsallake tasharka. Ka duba lokaci, ba dandamali kaɗai ba.

A cikin jirgi ba a amsa waya. Wannan zai yi mana wuya, mu da gaisuwa kaɗai kan ci minti biyu, amma ka bari sai ka sauka. Hira a yi ta ƙasa-ƙasa. A tsaya a layi, a bar masu fita su fita. A matakala mai tafiya da kanta mutanen Tokiyo hagu suke tsayawa. Da safe wasu layukan suna ware tarago na mata zalla, da alama mai ruwan hoda a ƙasa: 'yar'uwa, wannan naki ne, namiji kuma ya kauce. Ka guji 7:30 zuwa 9:30 na safe in kana da kaya ko yara.

Jiragen ƙarshe suna tashi wajen sha biyun dare, sai kuma biyar na asuba. In ya wuce ka, tasi ce, da ƙarin kashi 20 cikin 100 na dare. Ƙofar tasi da kanta take buɗewa, kada ka ja.

Akwai tikitin baƙi na jirgin ƙarƙashin ƙasa na awa 24, 48 ko 72, mai araha, amma ba ya aiki a JR. Shi kuwa JR Pass, tikitin baƙi na yawo a jiragen JR a faɗin ƙasar, da ya koma yen 50,000 na mako ɗaya a Oktoban 2023, asara ce ga wanda zai zauna a Tokiyo kaɗai.

8. Abin da za ka ci

Naman alade da giya suna ɓuya a inda ba ka zato. Romon taliyar ramen yawanci da ƙashin alade ake yin sa. Ana zuba mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi, a miya da yawa. Biredi da alewa kan ƙunshi kitse ko jelatin na alade. Ka ajiye waɗannan alamomin a wayarka: 豚 ko ポーク alade, ラード kitsen alade, ゼラチン jelatin, 酒 giya, みりん mirin. Ka haska kyamarar fassara a bayan kowane ƙunshi kafin ka saya.

Gargaɗi: a firjin shago akwai gwangwanaye masu hoton lemo da inabi da fic, kai ka ce lemon kwalba ne, alhali giya ce. Ka nemi da'ira mai ɗauke da お酒 a jiki. In ka gan ta, mayar.

Duk da haka ba za ka zauna da yunwa ba. A Shin-Okubo, tasha ɗaya daga Shinjuku, akwai lungun shagunan halal da ake kira Islam Yokocho: shinkafa, kaza, kayan yaji, dabino. A Asakusa da Ueno akwai gidajen ramen da na gasasshen nama masu shaidar halal, a kasuwar Ameyoko kuma Turkawa na sayar da kebab. Gidajen abincin Indiyawa da 'yan Pakistan suna ko'ina, amma ka tambaya, ba duka ne halal ba. Abincin rana ya fi na dare araha, yen 1,000 zuwa 1,500 ka ƙoshi.

Ƙananan shagunan nan na dare da rana, 7-Eleven, Lawson da FamilyMart, su ne rufin asirin matafiyi: dafaffen ƙwai, ayaba, madara, da onigiri, wato dunƙulen shinkafa naɗe da ganyen teku, yen 150 zuwa 200. Lokacin sanyi ka nemi gasasshen dankalin Hausa, nasu zaƙi gare shi kamar an zuba zuma. Ruwan famfo ana sha.

Ba a barin tukuici a gidan abinci, in ka bari za a biyo ka da shi. Kuɗi a ɗan faranti ake ajiyewa a gaban mai karɓa. Kada ka soke sandunan cin abinci a tsaye cikin shinkafa, haka ake yi wa mamaci. In cokali kake so, ka nema.

9. Salla da tsarki

Mun saba cewa gabas in muna nufin alƙibla. A Tokiyo alƙibla tana yamma maso arewa, wajen digiri 293. Ka duba manhaja, kada ka bi fitowar rana. Lokuta ma sun bambanta da namu: a Yuni rana kan fito kafin 4:30, alfijir tun wajen uku saura, a Disamba kuwa Magariba wajen 4:30 na yamma take yi. Ka zauna da malaminka kafin ka tafi, ya warware maka hukuncin ƙasaru, da haɗa salla, da shafa a kan huffi, domin wanke ƙafa a wurin wanke hannu na jama'a abu ne da ba sa so.

Juma'a ka yi ta a Tokyo Camii. Ɗauki layin Odakyu daga Shinjuku, ko layin Chiyoda, ka sauka a Yoyogi-Uehara, tafiyar minti biyar ce. Za ka bi ta unguwa shiru, ga kekuna jere a ƙofar gidaje, sai kawai hasumiya ta bayyana a sama. An fara gina masallaci a wurin a 1938, wannan ginin irin na Turkiyya kuma an buɗe shi a 2000. Da na shiga na ɗaga kai na ga ƙubba da rubutun ayoyi, haske na shigowa ta gilasai masu launi, a sahuna kuwa ɗan Indunusiya a dama, dattijo Bajapane a hagu, sai na ji baƙunta ta sauka daga kafaɗata. Mata suna da wurinsu a sama, akwai kuma shagon halal a harabar. Ka je da wuri, yana cika.

Akwai Masjid Otsuka kusa da tashar Otsuka, da As-Salaam a Okachimachi. Narita da Haneda duk suna da ɗakin salla. Ɗan'uwa Kirista kuma, cocin St. Ignatius da ke Yotsuya yana yin ibada da Turanci.

Banɗakinsu zai burge ka, domin ruwa yake fesawa, ba ka buƙatar buta. おしり shi ne fesa ruwa, 止 tsayarwa, 流す korawa.

Gargaɗi: maɓalli mai 呼出, sau da yawa ja, na kiran agajin gaggawa ne. Kada ka danna shi da zaton kora ruwa. Gidajen wankan jama'a kuwa tsirara ake shiga, maza daban mata daban. Wanda bai yarda da haka ba ya nemi na keɓe da ake kamawa da awa.

10. Tsara yawonka

Unguwa biyu a yini sun isa, kuma su kasance maƙwabta. Yini ɗaya Asakusa, inda tsohon wurin bautar Senso-ji yake, ka je kafin takwas na safe, sannan ka tsallaka kogin Sumida zuwa Skytree mai tsawon mita 634. Wani yinin Ueno da gidan tarihi na ƙasa, wanda ke rufe ran Litinin, da Akihabara. Na uku Shibuya da shahararriyar mahaɗar titunanta da dajin Meiji, ka ƙare a Shinjuku, a hawa na 45 na ginin gwamnatin birni, inda ake kallon gari kyauta. In sama ta yi garau lokacin sanyi, za ka hango Dutsen Fuji.

Babu kwandon shara a yawancin tituna, ka riƙe leda a jaka. Shaguna da gidajen abinci a sama da ƙarƙashin gini suke: 1F shi ne ƙasa, 3F hawa biyu a samansa, B1 ƙarƙashin ƙasa. Kalma ɗaya za ta buɗe maka ƙofofi: sumimasen, tana nufin gafara dai, tana nufin yi haƙuri. Godiya kuma arigato gozaimasu. Ba a musabaha sosai, ɗan sunkuyar da kai ya wadatar.

11. Sayayya

Ba a taya kaya, farashin da ke jiki shi ne. Mai sha'awar yadi ya je Nippori, titi guda ne na shagunan yadi, wanda ya san Kantin Kwari zai ji kamar ya zo gidan dangi. Kayan kicin a Kappabashi, tsarabar yara a Daiso inda yawancin kaya yen 110 ne. A shagon da ke cire wa baƙi haraji, sayayyar yen 5,000 zuwa sama ce ke shiga, sai ka nuna fasfo, ka kuma adana rasit har filin jirgi.

Gargaɗi: tukunyar dafa shinkafa ko injin markaɗe mai bolt 100 zai ƙone da ka jona shi a gida. Ka nemi wanda aka rubuta 220 zuwa 240. Wayar da aka yi don kasuwar Japan kuma kyamararta kan yi ƙara duk sanda ka ɗauki hoto.

12. In matsala ta taso

Fasfonka ya kasance a jikinka kullum, na ainihi, doka ce. Ɗan sanda na iya tsayar da kai ya nema, kuma baƙar fata ya fi fuskantar haka, har wasu mazauna ƙasar sun kai ƙara kotu a kan wannan a 2024. Ka nuna cikin natsuwa. 'Yan sanda 110, motar asibiti da 'yan kwana-kwana 119. Ofishin jakadancin Najeriya yana Toranomon.

In ka ɓata ko ka yar da abu, nemi koban, ɗan ofishin 'yan sanda da ke kusa da tashoshi. In a jirgi ne, gaya wa ma'aikacin tasha layi da lokaci. Na manta jakar hannu a kan shiryayyen tarago, washegari na karɓe ta a wata tasha, ko biro bai ɓata ba.

A Kabukicho da Roppongi da dare, duk wanda ya tare ka a titi yana kiranka ɗan'uwa, yana cewa zo ka ga wuri, ka wuce ko da daga yankinmu ya fito. Haka ake shigar da baƙi inda za a ɗora musu kuɗin da ba su ci ba.

Ƙasa kan yi motsi. In wayarka ta yi ƙara mai firgitarwa, gargaɗin girgiza ne: shiga ƙarƙashin tebur, ka kare kanka, kada ka ruga waje, kada ka shiga lif.

13. Ranar dawowa

Tun dare ka duba tikiti: Narita ne ko Haneda, kuma wace tasha ce a ciki. Wasu sun sauka ta ɗaya za su tashi ta ɗayan, tsakaninsu kuwa tafiyar fiye da awa ɗaya ce. Ka auna akwatunanka a otal, rarar kilo biyanta ake yi. Ka bar gari awa huɗu kafin tashi in Narita ne, uku da rabi in Haneda.

Katin Suica na yau da kullum ka mayar a ofishin JR ka karɓi yen 500 ɗinka, ko ka ajiye in kana da niyyar dawowa. Sulallan da suka taru a aljihu, 'yan canjin gida ba za su karɓa ba, alhali guda ɗaya na yen 500 ya haura dala uku. Ka juye su a shagon filin jirgi ka sayi ruwa da tsarabar ƙarshe, sannan ka nemi ɗakin salla ka sauke wadda ke kanka kafin a kira shiga jirgi.